Idan kostik soda ta taɓa fata

'Yar'uwa, kin tambayi abin yi idan ruwan kostik soda ya fallatsar miki a hannu wajen haɗa sabulu. Maganin farko ruwa ne. Ki cire zobe da rigar da ta jiƙe, a riƙa kwarara miki ruwa da buta ko famfo aƙalla minti 20. Santsin nan da kike ji, sodar ce ke narkar da maiƙon fata, kada ki daina sai ya tafi. In garinta ne, kakkaɓe shi tukuna.

Don Allah kada ki shafa lemon tsami, manja ko man goge baki. In ido ta shiga, ki wanke shi a buɗe, a kai ki asibiti nan take.