Filin Tambaya da Amsa: Zanen Bango Kan Gubar Dalma

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu matasa ne a ƙaramar hukumar Anka, muna son yin zane a katangar makarantar firamare don tunawa da yaran da gubar dalma ta kashe, mu kuma nuna cewa lafiyar yaro haƙƙinsa ne. Katangar mita 10 ce a tsawo, mita 3 a tsaye. Ta ina za mu fara, kuma yaya za mu kauce wa rigima? Daga wani makaranci, Anka, Jihar Zamfara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kuke son tunawa babba ne. A 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano annobar a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, yara aƙalla 400 suka rasu.

Kafin ku sayi fenti, ku nemi izini a rubuce daga shugaban makarantar da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Sannan ku kai zanen a takarda wurin hakimi da limami da iyayen da abin ya shafa. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ku damar faɗin ra'ayi, amma bai ba ku katangar wani ba, kuma zanen da unguwa ba ta amince da shi ba ba ya kwana biyu sai an shafe shi.

Shawararmu ita ce kada ku zana fuskar kowa. Mutane da yawa a Zamfara ba sa son surar mai rai, kuma saƙon bai buƙace ta ba. A 2009 mai zane ɗan ƙasar Sin, Ai Weiwei, ya rufe gaban wani gidan baje kolin zane a birnin Munik na Jamus da jakunkunan makaranta 9,000 don tunawa da ɗaliban da girgizar ƙasar Sicuwan ta 2008 ta hallaka. Babu fuska ko ɗaya, amma kowa ya gane. Ku ma kuna da allo da tawada, da ƙananan takalma a jere, da turmi da taɓarya, da dagi a matsayin ado a gefe. Rubutun ya zama jimla ɗaya, da boko da ajami, domin tsofaffi su iya karantawa. Ku guji tsintsiya da laima da launukan jam'iyyu, don da zarar an ce zanen na wani ɓangare ne, ya mutu. Kada ku rubuta sunan wanda kuke zargi. Sunan yaro kuma sai iyayensa sun yarda.

Yanzu batun fenti, wanda nan ne aka fi yin kuskure. Abin kunya ne a yi zanen gubar dalma da fenti mai dalma. Fentin mai, musamman ja da rawaya, shi ya fi ɗauke da ita. Ku sayi fentin ruwa na waje, wanda ake kira akirilik, ku duba gwangwanin ko an rubuta babu dalma. Iyakar dalma a cikin fenti da aka amince da ita a duniya ita ce kashi 90 cikin miliyan. Idan akwai tsohon fenti a katangar, kada ku goge shi a bushe, ƙurar ce ke shiga cikin yara. Ku jiƙa shi, ku kankare, ku kwashe ɓaraguzan.

Katangarku murabba'in mita 30 ce. Lita ɗaya kan rufe murabba'in mita 6 zuwa 8 a kan filasta mai kaushi, don haka ku tanadi lita 5 na fentin shimfiɗa da kamar lita 10 na launin bango don shafi biyu, sai lita ɗaya ko biyu na kowane launin zane. Sabon filasta sai ya yi kwana 28, in ba haka ba siminti zai ci launin, fentin ya ɓare. Idan an taɓa shafa farar ƙasa, sai an wanke ta tas, fenti ba ya kama ta. Jan ƙasa da ruwan ƙasa sun fi jure rana. Ja mai ƙyalli yakan koɗe da wuri, balle a katangar da ke kallon yamma.

Ku ja layukan murabba'i a takardar, kowace santimita ɗaya ta zama santimita 20 a bango, ku fitar da zanen da alli. Rabin mita na ƙasa ku shafa masa launi mai duhu saboda fantsamar ruwan sama. Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi dacewa, damina ta ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. Ku yi aiki da sassafe ko bayan la'asar, ku bar awa huɗu tsakanin shafi da shafi.