Da jaka 200, wace kyamara zan fara da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Garwa nake. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoton biki da suna da wayata, har na tara jaka 200 na sefa. Ina son kyamarar da ake sauya wa gilashi. Wani mai shago ya nuna mini Canon 4000D sabuwa a kwali, abokina kuma ya ce in nemi Nikon ta hannu. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa sana'ar albarka. Da ni ne kai, ba zan zuba kuɗin duka a kan sabuwar nan ba. Zan nemi ta hannu mai lafiya, in rage abin da zan sayi gilashi na biyu da batir.

Ita 4000D ta fito a 2018, kuma don a karya farashinta aka rage mata abubuwa. Bakin da ake ɗaura gilashi na roba ne, ba ta da ramin makirfo, kuma ba ta kakkaɓe ƙura da kanta daga sensa, wato farantin cikin kyamara da hoto ke sauka a kansa. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna. Ka san yadda garin yake daga Disamba zuwa Fabrairu, ka goge tebur da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a kai da yatsa. Duk sanda ka cire gilashi ƙurar nan tana shiga, sai ka ga ɗigo baƙi a kan farar rigar ango, wuri guda a kowane hoto. Na taɓa kwana ina goge irin ɗigon nan a hotunan ɗaurin aure sama da ɗari, ban so kai ma ka sha wannan wahalar.

Saboda haka ɗaya cikin ukun nan nake so ka nema: Canon 700D ta 2013, ko yayarta 600D ta 2011, sai Nikon D3300 ta 2014. Dukansu suna girgiza ƙura daga sensa, suna kuma karɓar makirfo, wanda za ka buƙata ranar da aka ce ka ɗauki bidiyon walima. Nikon D3400 da D3500 da suka biyo baya an cire musu waɗannan abubuwa biyu, duk da batirinsu yana daɗewa sosai. Kada lissafin megafiksel, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoto, ya ruɗe ka. 18 ko 24, duk sun isa a wanke babban hoton bango. Tsakanin Canon da Nikon kuwa, duba abin da masu hoton unguwarku suke riƙewa, don ranar da cajarka ta ƙone, a wurinsu za ka ara.

Yawanci kyamarar tana zuwa da gilashin 18-55, kuma da rana yana aiki lafiya lau. Amma biki ba da rana kaɗai ake yi ba. In ka shiga ɗakin amarya bayan magariba, ƙwan lantarki guda a rufi, nan za ka ga gazawarsa. Nemi 50mm f/1.8 STM in Canon ce, ko 35mm f/1.8G in Nikon ce. Suna shigar da haske ninki da yawa, fuska ta fito tas, abin da ke bayanta ya dushe, lallen hannu ya fito zane-zane. A kula fa: D3300 ba ta da injin da ke saita gilashi hoto ya fito tas a jikinta, don haka sai da gilashin da aka rubuta wa AF-S ko AF-P take saitawa da kanta. In aka sayar maka da tsohon 50mm mai harafin D, da hannu za ka riƙa saitawa.

Ranar ciniki ka tafi da memorinka. Ka sa kyamarar a f/22, wato ka tsuke ƙofar da haske ke shiga gilashin, ka ɗauki sararin sama ko farin bango, ka buɗe hoton sosai ka ga ko akwai ɗigo ko ƙarzane. Ka haska gilashin da tocilar waya, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo a ciki, bar shi. Ka tambayi adadin hotunan da ta ɗauka tun fitowarta. Irin waɗannan an ƙera su ne su kai wajen 100,000, don haka wadda ta wuce rabi sai da ragi mai kyau. A Nikon adadin yana cikin bayanan hoton, a Canon sai an haɗa ta da kwamfuta.

Sauran kuɗin ka sayi batir na biyu, LP-E8 na Canon ɗin ko EN-EL14a na Nikon, tunda wuta ba ta da tabbas, da ɗan famfon roba na hura ƙura. Kada ka hura da baki. Kuma a zafin Maris da Afrilu kada ka bar ta a cikin mota ko akwatin babur, ka rataye ta a jaka ƙarƙashin inuwa.