Maɓallan Word sun ɓace, mai gyara ya ce sai fomatin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina tsaka da buga furojet ɗina a Word sai layin maɓallan nan na sama ya ɓace, ba wurin canza girman rubutu, ba wurin saka tebur. Na kai wa mai gyara, ya ce bairos ne, sai an yi wa kwamfutar fomatin. Babi uku na riga na buga, kuma mako mai zuwa zan miƙa. Ya zan yi? Ɗaliba daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki 'yar'uwa, amma kada kwamfutar nan ta kwana a shagonsa. Buɗe Word, ki danna Ctrl da F1 tare, layin zai dawo. A wasu laftof sai kin haɗa da Fn. In sunayen Home da Insert suna nan, danna ɗaya sau biyu da sauri. Wataƙila ma da haka kika naɗe shi ba ki lura ba. In shafin ya koma kamar littafin karatu, Read Mode ne, Esc zai fid da ke. Tun Office 2007 da Microsoft ta kawo wannan layin mai suna Ribbon ta sa ana iya naɗe shi don shafi ya samu fili, har a Excel da PowerPoint.

Maganar fomatin ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai an zo mini da ita. Maɓalli ya ɓace, fomatin. Rubutu ya koma ƙanana, fomatin. Kamar likitan da ke yanke ƙafa saboda ƙaya. Fomatin yana share duk abin da ke Desktop da Documents, kuma in faifan SSD ne, da wuya a ceto komai bayansa. Mai gyaran da ya kasa gane Ctrl da F1, shi za ki amince wa ya kwashe miki babi uku kafin ya share?

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Bayan ya share, sai ya kashe Windows Defender, mai tsare kwamfuta daga bairos, don ya ɗora miki Office na sata, wanda sau da yawa shi ke zuwa da bairos ɗin da aka ce ana kora. Ana nan sai ki ga Unlicensed Product a sama, maɓallan sun yi toka-toka sun ƙi dannuwa, ki koma, ya sake karɓar kuɗi.

Maɓallin da ya cancanci tsoro kuwa ba mai tsoronsa: Enable Content, a layin nan ruwan ɗorawa da ke fitowa kan wasu fayilolin da aka turo. Shi ke sakin macro, wato umarnin da ake sakawa cikin fayil ya yi aiki da kansa, hanyar da bairos ɗin Melissa ya bi ta Word a 1999. In ba ki san wanda ya haɗa fayil ba, ki bar shi a rufe.

Babi ukun nan kuma, yau ɗin nan ki kwafe su a filashi, ki tura wa kanki ta imel.