Tambaya da Amsa: Mazaunin Kano, ɗan Kano ko Bakano?

Tambaya: Malam, ina fassara labarai, kuma kullum sai na tsaya a kan mazauni, ɗan gari, ɗan ƙasa da ɗan asali. Duk ba abu ɗaya suke nufi ba?
Daga wata ɗaliba a Gusau

Amsa: Malama, sun yi kusa da juna, amma kowacce da aikinta. Mazauni inda mutum yake kwana yana tashi kawai take nunawa, ba ruwanta da inda aka binne cibiyarsa. Ɗan kasuwar da ya zo daga Inugu ya kama haya a Sabon Gari mazaunin Kano ne tun daga ranar da ya sauke kaya. Ita ce kalmar da ta dace da labarin ambaliya, gobara ko ƙidaya, domin ruwa ba ya tambayar asalin wanda ya ci wa gida.

A kula da jam'inta. Mace mazauniya ce, jam'i kuma mazauna, sai a ce "mazauna Kano". Mun fi son a guji "mazaunan Kano", saboda akwai mazaunai, wato abin da mutum ke zama a kai a jikinsa, kuma idan aka liƙa mata harafin mallaka ita ma mazaunan take komawa. A baki karin sauti, wato hawa da saukar murya, yana raba su. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, sai mai karatu ya yi dariya a inda ba a nufi dariya ba.

Ɗan gari kishiyar baƙo ne: wanda ya san lunguna, ya san gidan mai unguwa, aka san shi. Shi ya sa ake cewa da ɗan gari akan ci gari. Baƙon da ya daɗe har ya yi kaka-gida yana iya zama ɗan gari a bakin jama'a, ɗan cirani kuwa da zarar damina ta faɗi ya koma gona.

Ɗan ƙasa a yau maganar doka ce, mai haƙƙin riƙe fasfo da jefa ƙuri'a. Ɗan asali kuma shi ne wanda ƙaramar hukuma ke ba takardar shaidar cewa iyayensa da kakanninsa daga nan suka fito. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne: sashe na 147 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce a naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalin jihar. Wanda ya rubuta "mazauni" a nan ya sauya doka.

Tambaya: Me ya sa ake cewa Bakano da Bakatsine, amma ban taɓa jin Bakadune ba?
Daga wani malamin firamare a Maraɗi

Amsa: Ɗan'uwa, ɗafin Ba- ya fi kama tsofaffin ƙasashe da masarautu, waɗanda sunansu ya zama sunan al'umma: Bagobiri da Gobirawa, Bakabe da Kabawa, Ba'adare da Adarawa, Bazamfare da Zamfarawa. Kaduna kuwa Turawa ne suka mai da ita hedikwata a 1917 bayan sun taso daga Zungeru, aka taru daga ko'ina. Irin wannan gari kalmar "ɗan" yake ɗauka: ɗan Kaduna, ɗan Jos, 'yar Abuja. Ka lura da Zariya, sunan birni ne, ƙasar kuwa Zazzau, don haka sai ɗan Zariya ko Bazazzagi, jam'i Zazzagawa ko Zagezagi.

Inda ɗalibai ke yawan kuskure shi ne sauyin baƙin ƙarshe. Idan wasalin e ko i ya biyo baya, t kan koma c, s kan koma sh. Sakkwato ta ba da Basakkwace da Basakkwaciya, Hausa ta ba da Bahaushe, Faransa ta ba da Bafaranshe. A jam'i baƙin asali yana dawowa: Sakkwatawa, Hausawa.

Ba- asali take nunawa, ko da mutum bai taɓa kwana a garin ba. Jikan Bakano da aka haifa a Zangon Kumasi yana iya kiran kansa Bakano, alhali mazaunin Kumasi ne, ɗan ƙasar Gana. Wani lokaci ma jam'in kan zama sunan unguwa, kamar Agadasawa a birnin Kano, kuma ba kowane ɗan Agadasawa ne ke da kaka a Agadas ba.

Kalmomi biyu ne muke gargaɗi a kansu. Baƙauye ta tashi daga ma'anar mai zama a ƙauye ta zama zagi, ɗan birni kuma ta fi nufin mai wayo da buɗaɗɗen ido. A rahoto sai a rubuta "mazauna karkara" da "mazauna birane", ko "mutanen ƙauyen" idan ƙauye ɗaya ake magana a kai.