Tambaya da Amsa: Wa Ke Kiran Soja Idan Ruwa Ya Ci Gari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk damina idan Gulbin Rima ya cika ya batse, mu mazauna bakin fadama da fargaba muke kwana. Shin ceton mutane daga ambaliya yana cikin aikin soja, ko kuwa taimako ne na ganin dama? Kuma wa yake da ikon kiran su?
Daga wani manomi a ƙaramar hukumar Goronyo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Soja yana da hannu a wannan aiki, sai dai ba shi ne ke riƙe da ragamarsa ba. Sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa rundunonin soja tsaron ƙasa, ya kuma yarje musu su dafa wa hukumomin farar hula wajen maido da doka da oda idan Shugaban Ƙasa ya neme su. Shi kuwa agajin gaggawa, hukumar NEMA da aka kafa a 1999 ce ke tsara shi a matakin tarayya, kowace jiha kuma tana da tata hukumar. Idan ɓarna ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma sai ta kai kuka ga jiha, jiha ta kai ga NEMA, daga nan ne ake neman soja su shigo. Saboda haka, ko da yake hedikwatar Runduna ta 8 tana nan cikin Sakkwato, dakarunta umarni suke jira kafin su fito da manyan kayan aiki.

Abin da ya sa ake neman su shi ne suna da abin da sauran hukumomi ba su da shi a hannu: jiragen ruwa masu inji, jirage masu saukar ungulu, likitoci, da injiniyoyin da ke iya kafa gada cikin 'yan kwanaki. Mutanen Sakkwato sun ga wannan da idonsu a watan Satumban 2010, lokacin da ambaliya ta yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Gadar wucin gadi da injiniyoyin soja suka kafa ce ta maido da zirga-zirgar ɗalibai da mutanen ƙauyukan da ke tsallaken gulbi. Haka ma a Maiduguri a 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, sojoji na cikin waɗanda suka yi ta kwaso mutanen da ruwa ya rutsa da su.

A ganina, nan ne iyakar inda ya dace a dogara da su. Rabon abinci da tabarmi, da ƙidayar gonakin da suka nutse, aikin farar hula ne waɗanda suka san gida-gida, balle ma yanzu da yaƙi da 'yan bindiga a gabashin jihar ya ɗauke hankalin dakaru. Idan kun ga ruwa yana hauhawa, ku sanar da hakimi da ofishin ƙaramar hukuma tun bai kai ga gidaje ba, domin ta wannan ƙofa ce kiran ke isa bariki.