"Ban da masu yara" a tallar gidan haya

Malam, ka tambaya ko laifi ne ka sa "ban da masu yara" a tallar gidanka na haya a Amurka. Laifi ne, ka goge shi. Dokar gidaje ta 1968 ta haramta tallar da ke nuna fifiko kan launin fata, addini ko ƙasar asali. A 1974 aka ƙara jinsi, a 1988 nakasassu da masu yara. Ko da kana zaune a ƙaramin gidan da doka ta sassauta wa wajen zaɓen ɗan haya, sassaucin bai shafi talla ba. Abin da ke damuna shi ne, mai goyo in ta ga wannan rubutu, ko waya ba za ta buga ba. Ka siffanta gidan kawai: ɗaki nawa, kuɗi nawa, bene ne ko ƙasa.