Tambaya da Amsa: Na duba intanet ban samu abin kirki ba, ta ina zan fara binciken tarihi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen tarihi, ina ajin ƙarshe. An amince mini in rubuta kundina a kan annobar murar da ta game duniya a 1918. Duk sanda na shiga Google, maganganu iri ɗaya ke fito mini, wannan shafi ya kwafi wancan. Malamin da ke duba aikina ya ce ba zai karɓi Wikipedia ba, sai na kawo madogara ta asali. Na leƙa laburaren makarantarmu, ban ga littafi ko ɗaya mai sunan annobar a bangonsa ba. Don Allah Malam, ina zan dosa?

Wata ɗaliba

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa karatunki albarka. Kada ki karaya, domin maudu'in da kika zaɓa yana cikin waɗanda suka bar takardu birjik a duniya. Abin da ya hana ki ganinsu shi ne kina neman sunan annobar, alhali abin da ya kamata ki nema shi ne mutanen da aikinsu ya tilasta musu rubuta labarinta a lokacin da take ci.

Kafin mu kai can, ki fahimci abin da malaminki yake nufi. Madogarar tarihi iri biyu ce, ta ganau da ta jiyau. Ta ganau ita ce abin da aka rubuta a lokacin da abin ke faruwa: rahoton likita, wasiƙar gwamna, jaridar wannan makon, rajistar mamata. Ta jiyau ita ce abin da masana suka rubuta daga baya, bayan sun karanta waɗancan. Kundin digiri yana buƙatar duka biyun. Sai dai kada ki ɗauka duk abin da ganau ya faɗa gaskiya ne. Likitoci da yawa a 1918 sun ɗora alhakin cutar a kan wata ƙwayar bakteriya da Richard Pfeiffer ya gano, ba a kuwa ware ainihin ƙwayar cutar mura daga jikin ɗan Adam ba sai 1933. Haka ma jaridun ƙasashen da ke cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatoci na tace abin da suke bugawa. Sifaniya ba ta shiga yaƙin ba, jaridunta suka ba da labarin cutar ba ɓoye-ɓoye, har da kwanciyar sarkinsu Alfonso na 13, shi ya sa aka laƙaba wa annobar sunan ƙasar da ba daga can ta taso ba. To kin ga ko shirun jarida ma shaida ce, in kin san dalilinsa.

Da jiyau ake farawa. Ki samu littafi ɗaya ko maƙala ɗaya ta masani, wadda ba ta daɗe da fitowa ba, ki tafi kai tsaye ga bayanan ƙasan shafi da manazartar da ke ƙarshe. Marubucin ya yi shekaru yana tono, ya kuma rubuta miki inda ya samo kowace magana. Ko Wikipedia ɗin da aka hana ki, wannan ne amfaninta: ki gangara ƙasa ki kwashi sunayen littattafan da ta dogara da su, sannan ki nemo su da kanki. Manazarta tana mayar da ke baya ne, ga waɗanda suka riga marubucin. Idan kuma kina son waɗanda suka zo bayansa, ki sa sunan maƙalar a Google Scholar, za ki ga wurin da ke nuna duk ayyukan da suka ambace ta. A nan ake gane wanda ya yarda da shi da wanda ya yi masa raddi.

Maƙalun tarihi da yawa suna JSTOR, rumbun mujallun ilimi da aka kafa a 1995. Mutane na ganin an rubuta kuɗi sai su juya, ba su san cewa in mutum ya yi rajista kyauta ana barinsa ya karanta maƙala har 100 a wata a kan shafin ba. Ki kuma tambayi laburarenku ko makarantar tana da rajista da su, domin ɗalibai da dama na gama karatu ba su taɓa jin cewa tuni an buɗe musu wannan ƙofa ba.

Mu koma kan laburaren da kika ce babu komai. Na yi shekaru ina zama a teburin taimaka wa masu bincike, kuma wannan ƙorafi shi na fi ji. Abin da kike nema sau da yawa babi ne a cikin wani littafi, ko shafi uku a tsakiyarsa, sunan da ke bango ba zai nuna miki ba. Idan laburarenku na bin tsarin jera littattafai na Dewey, wanda aka fara a 1876, tarihi yana lamba 900 zuwa 999, Yaƙin Duniya na Ɗaya yana 940.3 da 940.4, Asiya 950, Afirka 960. Amma annoba tana can wani gefe, wajen 614.5, tare da littattafan kiwon lafiyar jama'a. Idan kuma tsarin Laburaren Majalisar Amurka suke bi, ki duba harafin D don tarihi, RA don lafiyar jama'a. Ki tsaya gaban kantar, ki zaro littattafan da ke dama da hagu, ki buɗe fihirisar ƙarshen kowanne ki duba kalmar mura ko annoba. Awa ɗaya a gaban kanta takan ba da abin da kwana guda a waya bai bayar ba. Sannan ki yi wa ma'aikacin laburaren magana. Aikinsa ke nan, kuma matambayi ba ya ɓata.

Littafin da babu shi a wurinku, WorldCat zai nuna miki laburaren da ke da shi a faɗin duniya, sai ki tambaya ko naku yana aron littafi daga wani. Akwai kuma wata dabara da nake so ƙwarai. HathiTrust, da jami'o'in Amurka suka haɗu suka kafa a 2008, yana barin mutum ya binciki kalma a cikin miliyoyin littattafai, har waɗanda dokar haƙƙin mallaka ta hana a buɗe. Ba za ki ga shafin ba, amma zai gaya miki cewa kalmar ta fito a shafi kaza da kaza. Da wannan za ki san ko littafin ya cancanci wahalar nema, ko ki roƙi wani ya ɗauko miki hoton waɗannan shafuka kawai.

Yanzu ga inda nake so ki fi mayar da hankali. Annobar da ake ƙiyasin ta kashe mutum kimanin miliyan 50 ta fi ƙarfin kundi ɗaya. Ki zaɓi ƙasa ɗaya, ko gari ɗaya, ko rukunin mutane ɗaya, da watanni ƙalilan. Sai ki zauna ki tambayi kanki: a wannan wuri, wa ke riƙe da alƙalami? Likitan tashar jiragen ruwa yana rubuta jirgin da ya shigo da marasa lafiya. Likitan soja yana ƙirga waɗanda suka kwanta. Shugaban makaranta yana rubuta ranar da aka rufe aji. Masu wa'azin mishan suna aika wasiƙu gida. Masu karɓar haraji suna bayanin abin da ya sa kuɗin shekarar ya ragu. Kowannensu takardunsa sun tafi wani wuri, aikinki shi ne ki gano wurin.

Dalilin da ya sa wannan tambaya take da muhimmanci shi ne, ma'adanar takardun tarihi ba ta jera kayanta bisa maudu'i kamar laburare. Tana jera su ne bisa ofishin da ya samar da su. Bari in nuna miki da misali. A watan Agustan 1918 jirgin ruwan sojan Ingila mai suna Mantua ya tsaya a Freetown, babban birnin Saliyo, da marasa lafiya a ciki, daga nan cutar ta bazu a garin. A ma'adanar ƙasa ta Ingila da ke Kew, ba za ki sami akwati mai suna annoba ba. Littattafan da ake rubuta abin da ya faru kullum a jiragen sojan ruwa suna jerin ADM 53. Wasiƙun da gwamnan Saliyo ya aika wa ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka suna CO 267. Takardun sojan ƙasa suna ƙarƙashin WO. Labari ɗaya ne, amma ya rabu gida uku, saboda ofisoshi uku ne suka rubuta shi. Idan ƙasar da kika zaɓa Faransa ce ta mulke ta, takardu da yawa suna ma'adanar da ke Aix-en-Provence. Ki kuma tuna cewa abin da aka aika babban birnin masu mulki taƙaitawa ce. Rahotannin ƙananan jami'ai, masu cikakken bayani, galibi sun zauna ne a ma'adanar ƙasar da abin ya faru.

In Allah ya sa kika riƙe irin wannan fayil a hannunki, kada ki tsaya ga wasiƙar da aka buga da tafireta. A gabanta akwai takardun da jami'ai ke rubuta ra'ayinsu da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa harufan sunansa da kwanan wata. Wani ya ce a aika magani, wani ya ce babu kuɗi, na uku ya ce a jira. A waɗannan 'yan layuka ake ganin yadda aka yanke shawara. Fensir kawai ake bari a shiga da shi ɗakin karatun, amma wurare da yawa suna barin a ɗauki hoto.

Na san ba kowa ke da halin tafiya ba. Kundin sunayen takardun Kew, mai suna Discovery, a buɗe yake a intanet, sai dai abin da yake nunawa bayanin fayil ne a layi ɗaya ko biyu. Akasarin takardun da ke ma'adanai a duniya ba a ɗauki hotonsu an ɗora ba, saboda haka rashin ganin abu a intanet ba ya nufin babu shi. Abin da aka ɗora kuwa ya ishe ki aiki. Internet Archive, da aka kafa a 1996, cike yake da tsofaffin rahotannin gwamnati da mujallun likitoci da za ki sauke kyauta. Tsofaffin jaridun Amurka suna Chronicling America, na Ostareliya suna Trove, na Faransa suna Gallica. Mai neman abin da ya shafi yankin Tekun Fasha ya duba Qatar Digital Library. Laburaren Birtaniya kuma tun 2004 yake da shirin ceto takardun da ke fuskantar lalacewa, wanda ya ɗauki hotunan rubuce-rubucen hannu na iyalai da malamai a ƙasashe da dama, ciki har da na Larabci da na ajami.

Binciken tsohuwar jarida yana da nasa hali. Kwamfuta ce ta karanta hoton shafin ta mayar da shi rubutu, kuma inda tawada ta dushe takan karanta ba daidai ba. Don haka ki taƙaita kwanakin, misali Satumba zuwa Disambar 1918, lokacin da cutar ta fi tsanani, ki riƙa buɗe shafukan da idonki. Ki yi amfani da sunayen da ake kiran wurare a lokacin: Ghana ita ce Gold Coast, Banjul shi ne Bathurst, Sri Lanka ita ce Ceylon. Ki gwada sunan cutar a harshen masu rubutun, domin Faransawa "grippe" suke cewa, kuma mamata da yawa an rubuta cewa ciwon huhu ne ya kashe su. A rubutun Larabci ki nemi shekarar 1337 ta Hijira, wadda ta kama a Oktoban 1918.

Abin da ya fi damuna a irin wannan bincike shi ne muryar da ba ta shiga takarda ba. Masu mulki da likitocinsu ne suka fi rubutu, kuma a wuraren da ba a rajistar mutuwa, alƙalumansu ƙiyasi ne. Talakan da ya binne 'ya'yansa ba a tambaye shi ba. Idan yankin da kika zaɓa kina iya kaiwa gare shi, ki nemi tsofaffin da suka ji labarin daga bakin iyayensu ko kakanninsu, ki naɗi muryarsu da izininsu, ki rubuta rana da wuri. Ki auna abin da suka faɗa da abin da takarda ta faɗa. Inda suka saɓa, a nan babinki mafi armashi zai fito.

Ki yi hattara da manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Sukan ba da sunan littafi da marubuci da shekara tsaf, alhali babu littafin a duniya. Duk madogarar da ba ki gan ta da idonki ba, ko ba ki tabbatar da ita a WorldCat ko shafin mujallar ba, kada ta shiga kundinki. Tun ranar farko kuma ki riƙa rubuta lambar fayil, lambar shafi da ranar da kika ziyarci shafin intanet. Manhajar Zotero kyauta ce, tana adana waɗannan ta kuma tsara miki manazarta. Shafin da ya ɓace daga baya, ki liƙa adireshinsa a Wayback Machine, rumbun adana tsofaffin shafukan intanet, sau da yawa akwai tsohon kwafinsa.

Idan kin tashi rubuta wa ma'aikacin ma'adana wasiƙa, kada ki ce ya turo miki duk abin da yake da shi a kan annobar 1918, irin wannan ba ta cika samun amsa mai amfani ba. Ki gaya masa ke wace ce, ki ambaci wuri da watanni da ofishin da kike zaton ya yi rubutun, ki sa lambar fayil in kin samo ta a ƙasan shafin wani masani, sannan ki tambaye shi ko suna ɗaukar hoton takardu su aika, da kuma ko akwai wani jeri makusanci da ya kamata ki duba.